«Sun yi wa wa yawa?» Tarihin kalmar sureffectif da fassararta a ƙasar Ƙonni da Adar

1. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun wata kalma ta Faransanci, watau «sureffectif», tare da ƴar'uwarta «pléthore», waɗanda suka cika rahotannin hukuma da na masu ba da lamuni a Nijar tun daga shekarun 1980, sa'an nan a duba yadda Hausa take ɗaukar ma'anarsu. Abin da ake nufi da su shi ne ɗibar ma'aikata fiye da yadda aiki yake bukata. An kafa hujja da gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela na jihar Tawa, saboda a cikin shekaru ɗari wannan yanki ya ga aikin gandu, ya ga aikin tilas na zamanin Faransawa, ya kuma ga aikin albashi a masana'antar gwamnati. Illelar da ake magana a kai ita ce ta Adar, mazaunin Sarkin Adar, domin akwai wata Illela a tsallaken iyaka, cikin jihar Sakkwato, dab da Ƙonni.

Ra'ayin da za a kare shi ne cewa ba a iya cewa ma'aikata sun yi yawa sai an faɗi abin da aka auna su da shi. Kalmar Faransanci tana rufe wannan ma'auni, nahawun Hausa kuwa yana barin ƙofar tambaya a buɗe.

2. Kalmomin Faransanci

Kalmar «effectif» daga bakin soja ta fito: yawan dakarun da ke nan a zahiri, waɗanda za a iya ƙirgawa a fili. Da aka maƙala mata ɗafa-goshi «sur-», sai ta zama yawan da ya zarce adadin da aka tsara. Kalma ce ta mai riƙe da rajista. Suna ce kuma, ba aikatau ba, saboda haka ba ta faɗin wanda ya ɗebi mutanen, ko yaushe, ko don me.

«Pléthore» ta fi daɗewa, ta kuma fi ban sha'awa. Asalinta Girkanci ne, ma'anarta cika, kuma likitocin Turai na da sun yi amfani da ita ga cutar da suke zaton yawan jini ne yake kawo ta. Maganinta a wurinsu shi ne a tsaga jijiya a rage jinin, kusan yadda wanzami yake kafa ƙaho. Wanda ya kira ma'aikatan gwamnati «pléthoriques» ya riga ya rubuta takardar magani tun kafin a duba maras lafiya. Sauran kalmomin wannan gida duk haka suke. Akwai «dégraisser», rage kitse, wadda ta yi tashe a Faransa a 1997 lokacin da ministan ilimi Claude Allègre ya kamanta ma'aikatarsa da wata ƙatuwar giwar zamanin da mai bukatar a rage mata ƙiba. Akwai kuma «compressé» da «déflaté», sunayen da Faransancin Afirka ta Yamma ya laƙaba wa waɗanda aka sallama. A cikinsu duka an ɗauki mutum tamkar jini ko kitse ko iskar da ta wuce kima.

3. Abin da Hausa take da shi

Idan aka ba mai fassara wannan kalma, ba zai sami tilon suna da zai maye gurbinta ba. Dole ya zaɓa, kuma kowane zaɓi yana ɗora laifi a wani wuri daban.

A fara da aikatau. Ana cewa «an ɗauki Audu aiki», amma idan mutane ne da dama sai a ce «an ɗebi ma'aikata» ko «an ɗebi sojoji». Ɗauka ta abu ɗaya ce da aka ware, ɗiba kuwa ta abin da ba a ƙirga ɗaya bayan ɗaya, kamar ruwa ko hatsi ko ƙasa. Gaba da ɗiba akwai kwasa, wadda take nuna an tattara ba tare da zaɓe ba, kamar a «kwasar ganima». Idan aka so a yi suka sosai sai a ce an yi «ɗiban karan mahaukaciya». Wannan salon magana shi ya fi kusa da ma'anar ɗibar ma'aikata barkatai, amma abin lura shi ne laifin yana kan mai ɗiba. Karan ba shi da laifi.

Ta fuskar suna, ana jin «rarar ma'aikata» da «cunkoson ma'aikata». Rara abin alheri ce a asali: abin da ya saura bayan an biya bukata, kamar rarar hatsi ko rarar kuɗi, kuma ba wanda yake kuka da ita. Jingina ta ga mutane yana da nauyi a kunne. Cunkoso kuwa maganar wuri ce, mutane da yawa a ƙaramin fili, maganinsa kuma a rarraba su. Sai kalmomin zagi irin su «cima-zaune» da «zaman kashe wando», waɗanda suke juya laifin kan ma'aikaci, da karin maganar nan ta taron tsintsiya ba shara, wadda take sukar rashin aiki ba tare da ta ce a rage tsintsiyar ba. «Ma'aikatan bogi» da ake yawan ji daga Nijeriya wani abu ne daban, domin su sunaye ne a takardar albashi da babu mutane a bayansu.

Fassarar da ta fi sauƙi ita ce ta fi koyarwa. Hausa tana bambanta «suna da yawa» da «sun yi yawa». Ta farko bayani ce kawai, ta biyu hukunci ce. Sa'an nan ta biyun tana karɓar harafin «wa» ko «ma»: riga ta yi wa yaro yawa, gishiri ya yi wa miya yawa. Saboda haka duk Bahaushen da ya ji an ce ma'aikata sun yi yawa yana iya tambaya nan take: sun yi wa wa yawa? Sun yi wa aikin yawa ne, ko sun yi wa baitulmali, ko sun yi wa ofishin da aka cusa su? Amsoshin nan uku tarihi uku ne mabambanta.

4. Kafin albashi

Binciken Djibo Hamani da na Nicole Échard a kan Adar, waɗanda suka fito a 1975, da littafin Benedetta Rossi na 2015 a kan tarihin ƙwadago a yankin, duk suna nuna ƙasar da fili bai yi ƙaranci ba kamar yadda hannu ya yi. Arzikin maigida shi ne mutanensa: ƴaƴa da ƙanne da barori, a da kuma har da bayi. A gandu kowa yana noma babbar gona a ranakun da aka tsara, ya koma gayaunarsa a sauran lokaci. A ranar gayya ba a taɓa jin an kori mutum don an cika ba, tun da abin da mai gona zai kashe shi ne fura da tuwon yini ɗaya. Daga wannan zama ne aka sami cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, da cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Kada a ɗauka cewa manomi bai san lissafi ba. Hannun da yake noma da damina baki ne da rani, kuma rumbu yana da iyaka. Hanyar da Adarawa suka bi ita ce cin rani: bayan an yi girbi samari su tafi Sakkwato ko Kano, daga baya har Gana da Abijan da Libiya, su ci abincin wani wuri don na gida ya kai damina. To, ga ragin mutane, amma da rumbu ake auna shi, na ƴan watanni ne, kuma wanda ya tafi yana nan ɗan gida, gonarsa tana jiransa.

Zuwan Faransawa ya kawo wata irin ɗiba. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone Birnin Ƙonni ta kuma hallaka mutanensa a watan Mayu na 1899, tana tafe ne da ɗaruruwan ƴan dako da kamammu, ana kwasar sababbi a kowane gari don maye waɗanda suka mutu ko suka gudu. Bayan an kafa mulki, sai aikin tilas ya zama doka: kowane baligi yana da wasu kwanaki a shekara da zai yi aikin hanya ko ginin bariki ba biya, kumandan ya faɗi adadi, sarki da masu gari su kawo mutane. A Nijeriya ma an ga irinsa, inda aka kira kwasar mutane zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944 «ɗiban gwamna». A duk tsawon wannan zamani, wanda dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946 ta kawo ƙarshensa a hukumance, kukan masu mulki shi ne ƙarancin hannu da gudun mutane zuwa ƙasar Ingilishi, abin da yake da sauƙi ƙwarai ga mutumin Ƙonni. Mutum ɗari suna iya yin aikin da talatin za su gama, ba wanda zai kira su rara, domin ba a biyan ko ɗaya. Sai da hannu ya sami farashi na wata-wata, musamman bayan dokar aiki ta ƙasashen renon Faransa ta 15 ga Disamba 1952, sa'an nan yawansa ya zama abin da akawu zai damu da shi.

5. Malbaza

A nan ne ya kamata a daɗe, domin masana'antar siminti ta Malbaza tana nuna yadda ma'aikata suke «yin yawa» ba tare da an ƙara ko mutum ɗaya ba.

Kamfanin SNC na gwamnati ya fara fitar da siminti a 1966, zamanin Diori Hamani, a wurin da yake da dutsen farar ƙasa a kusa, wajen kilomita 450 daga Yamai. Ƙarfinsa bai wuce tan dubu 40 a shekara ba. Ko a wancan lokaci wannan ƙaramar masana'anta ce. Takwararta ta Kalambaina a Sakkwato, wadda ta fara aiki a 1967, ta ninka ta fiye da sau biyu tun daga farko.

Sai a duba yadda aikin siminti yake. Tanderun da ake gasa dutse ba a kashe shi da dare a kunna da safe, yana ci ne dare da rana, saboda haka dole a sami rukunin ma'aikata masu karɓa-karɓa. Dole a sami masu fasa dutse, da direbobi, da makanikai, da masu lantarki, da masu gwajin siminti, da masu gadi, da akawu. Yawancin waɗannan guraben suna nan ko tanderun yana fitar da tan dubu 40 ko dubu 400. Ke nan idan aka raba yawan ma'aikata da yawan siminti, ƙaramar masana'anta kullum za ta fito da kamar ta cika mutane, ko da kowa a cikinta yana zufa. Wannan lissafi na tan nawa kowane ma'aikaci ya fitar shi ne ma'aunin da masu bincike daga waje suka fi so, kuma abin da yake aunawa a gaskiya shi ne girman tanderu.

Daɗin daɗawa, kasuwa ta juya. Man da ake ƙonawa a tanderun daga waje ake kawo shi da tsada, alhali na Nijeriya yana da tallafin gwamnati. Daga Satumba 1986, da gwamnatin Babangida ta saki naira, darajarta ta yi ta faɗuwa, sefa kuwa tana ɗaure da faran na Faransa a kan 50 da 1 har zuwa Janairu 1994. Duk wanda ya san Ƙonni ya san abin da wannan yake nufi: kayan Nijeriya sun yi araha ƙwarai, iyaka kuma ba ta da ƙofa ɗaya. Tsohon inji yana lalacewa, kayan gyara sai an yi odar su, babban mai saye kuma, watau gwamnati, ta rage gine-gine tun da kuɗin uraniyum suka ja baya a farkon shekarun 1980. A irin wannan hali mutumin da aka ɗauka a 1975 don aikin da yake akwai shi, yana iya wayar gari a 1990 an sa shi cikin rara. Shi bai canza ba, buhunan da ake raba albashinsa a kansu ne suka ragu.

Wannan bai wanke kamfanonin gwamnati daga ɗibar sanayya ba. Ƴan Nijar da kansu suka ƙirƙiro taƙaitaccen suna «PAC» don dangi da abokai da sanayya, Hausa kuma ta daɗe da sanin cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Darakta da ya ƙi sama wa ɗan ƙaninsa gurbin masinja, a idon dangi ya kasa abin da ake zama maigida dominsa. A nan tsohuwar ɗabi'ar tara mutane ta shiga gidan albashi, sai dai rumbun da ake ɗiba ba na mai ɗibar ba ne. Amma a ganinmu haɗa waɗannan abubuwa biyu, watau ɗibar sanayya da durƙushewar kasuwa, a ƙarƙashin kalma ɗaya shi ne babban aibin «sureffectif». Na farko laifin shugabanni ne, na biyu ba laifin kowa ba ne a cikin masana'antar, amma maganin da aka rubuta musu ɗaya ne, kuma galibi a kan ƙananan ma'aikata yake sauka.

An sayar da SNC a 1998 ga kamfanin Scancem da wasu ƴan kasuwar ƙasa. Sabuwar masana'antar da aka gina a Malbaza, wadda ta fara aiki a ƙarshen shekarun 2010, an tsara ta ne a kan tan dubu 650 a shekara, watau ninki 16 na tsohuwar. Irin wannan girma shi yake gyara lissafin tan da ma'aikaci. Akwai kuma wasu hannuwa da ba su taɓa shiga rajistar kamfani ba: mutanen ƙauyukan Adar, mata da yawa a cikinsu, masu tsintar dutsen «gypse» da ake haɗawa cikin siminti, ana saye daga gare su a kan awo. Su ba a taɓa cewa sun yi yawa ba, saboda ranar da ba a bukatar su sai a daina saye kawai.

6. Ofis da aji

Bayan yarjejeniyar farko da Asusun Lamuni na Duniya a 1983, da bashin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya a 1986, kalmar ta tashi daga kamfanoni ta koma kan ma'aikatan gwamnati gaba ɗaya. Aka tsayar da ɗibar sababbi, aka buɗe shirin barin aiki don raɗin kai tare da ɗan jari, tsarin nan kuma da yake ba duk wanda ya gama karatu gurbi kai tsaye ya mutu. Bankin BDRN ya rushe a 1990.

To amma ma'aikatan nawa ne? A shekarun 1990 adadinsu yana wajen dubu 40, a ƙasar da ƙidayar 1988 ta sami mutum miliyan 7 da ƴan kai. Ma'aikaci ɗaya ke nan ga mutum wajen 200, da malamai da masu jinya duka a ciki. Da wuya a ce waɗannan sun yi wa aikin yawa. Abin da suka yi wa yawa shi ne kuɗin shiga na gwamnati, wanda ya ragu har albashi ya riƙa makara watanni. Sun kuma yi wa wasu ofisoshin Yamai yawa, inda ake samun mutum uku a tebur ɗaya, alhali ɗakin shan magani na ƙauye yana hannun mutum guda. Ga wannan hali na biyu «cunkoso» ita ce fassarar gaskiya, kuma da ita aka riƙe da an yi maganar rarrabawa kafin a yi ta sallama. Muna ba masu aikin ƙamus da ƴan jarida shawara su guji «rara» a wannan muhalli, su riƙa cika jimlar: ma'aikata sun yi wa kasafin kuɗi yawa, ko sun yi wa wannan ofishi yawa.

A fannin ilimi ne kalmar ta ci karo da kanta. A cikin rahotannin zamanin ana samun «effectifs pléthoriques» da ma'ana biyu: albashin malamai ya yi wa kasafi nauyi, ɗalibai kuma sun yi wa aji yawa. Ba a iya warkar da ɗaya ba tare da an tsananta ɗayan ba. Dabarar da aka kawo ita ce aji mai zubi biyu, malami ɗaya ya koyar da rukuni biyu na yara, tare da rage abin da ake kashewa a kan ɗaliban sakandare da jami'a. Adawa da wannan shiri na Bankin Duniya, wanda aka sani da «Éducation III», ita ta fitar da ɗalibai ranar 9 ga Fabrairu 1990, inda aka harbe uku daga cikinsu a gadar Kennedy, abin da ya share hanyar taron ƙasa na 1991.

Yaran kuwa ba su ragu ba, a Ƙonni ko a Illela ko a Badagishiri. Daga 1998 sai aka koma ɗibar malamai ta wata ƙofa, da sunan ƴan sa-kai, daga baya ƴan kwantiragi, a kan kuɗin da bai kai rabin albashin malami na dindindin ba, kuma cikin shekaru goma suka zama su ne mafi rinjaye a makarantun firamare. An ɗebi dubbai, fiye da duk abin da aka taɓa ɗiba a zamanin uraniyum, kuma ba a kira wannan ɗiba «sureffectif» ba. Dalili shi ne ɗan kwantiragi ba shi da lambar ma'aikacin gwamnati, abin da ake ba shi a ƙarshen wata ma ba a kiransa albashi a takardun hukuma, «pécule» ake cewa, saboda haka ba ya cikin adadin da ake ƙirgawa.